Hoton MRI bai nuna sabon tabo ba amma hannunta sai ƙara lalacewa yake

Uwar Biyu:
Salam 'yan uwa. Ƙanwata ce ke da cutar jijiyoyi da ake kira MS (multiple sclerosis), tana kan magani, an sake mata hoton ƙwaƙwalwa na MRI likita ya ce babu sabon tabo, amma wlh hannunta na dama sai baya yake ci, maɓallin riga ma sai an saka mata, cokali na suɓuce mata. To in hoton bai canza ba me ke cin hannun? Ko dai ba MS ɗin ba ce?

Ma'aikacin Jinya:
Wa'alaikis salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Wannan abu sananne ne a MS, yawan tabon da ake gani a hoto ba ya tafiya daidai da yadda mutum ya nakasa. Cutar dai garkuwar jiki ce ke cinye mayelin, rigar da ta lulluɓe jijiyoyi kamar robar wayar lantarki, to inda aka ci ɗin ya fi yawan tabon muhimmanci, wani zai samu tabo birjik a ƙwaƙwalwa yana harkarsa lafiya lau, wani kuma ƙwaya ɗaya tal a lakar wuya ta hana shi riƙe biro saboda duk saƙon da ke zuwa hannu ta nan yake bi. Shi ya sa zan tambaye ki, hoton kai kaɗai aka yi ko har da wuya? In kuma hannun karkarwa yake idan ta miƙa shi za ta ɗauki abu, wannan yawanci daga serebelom ne, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Sannan ƙwaƙwalwa kan rinƙa ƙanƙancewa a hankali ko ba sabon tabo, shi kuma sai an jera tsohon hoto da sabo an auna.

Mai Gashin Ƙashi:
Ƙari a kan bayanin malam. Ma'aunin nakasar MS da aka fi amfani da shi, EDSS na likita John Kurtzke tun 1983, daga 0 zuwa 10 yake kuma rabin hankalinsa na kan tafiya, in tana takawa da ƙafarta sai a ga kamar komai daidai. Ni wannan na ba ni haushi gaskiya. Ku nemi a yi mata gwajin ramuka 9, 'yan sanduna ne za ta saka a rami ɗaya bayan ɗaya ta cire ana duba agogo, kowane hannu sau 2. In lokacin ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a kan na baya ana ɗaukarsa canji na gaske. Kuma kar ku yi ta yi mata komai don tausayi, hannun na son motsi.

Uwar Biyu:
Kai kaɗai aka ɗauka fa, ba wuya. Kuma na lura in ta yi wanka da ruwan zafi abin ya fi tsanani, shi ma cutar ce ke ƙaruwa?

Ma'aikacin Jinya:
A'a Hajiya, zafi kan tayar da tsofaffin alamomi na ɗan lokaci, jiki na hucewa sai su lafa. Ki faɗa wa likitan jijiyoyin zancen wuyan, ya kuma duba ko jijiya ce ta matse a wuyan hannu, don mai MS ma yana iya samun wannan.