Neman kalmar Hausa: me za mu kira "jinom"?

Wata ɗaliba da ke son zurfafa karatu a ilimin halittun teku ta tambaye ni yadda za ta bayyana wa mahaifinta, wanda masunci ne, fannin da ta zaɓa, wato nazarin jinom na kifaye. Na kawo tambayar nan domin mu daddale ta tare.

Matsalarmu ita ce mun ɗora wa "ƙwayar halitta" kaya fiye da ƙarfinta. Da ita muke kiran ƙaramin ɗakin da jiki ya ginu da shi, da ita muke kiran abin da ɗa yake gada daga iyaye, har DNA ma, wato sinadarin da bayanin gado ke rubuce a cikinsa, da ita muke fassarawa. Jinom kuwa, kalmar da Bajamushe Hans Winkler ya ƙirƙira a 1920, yana nufin ɗaukacin bayanin gadon da ke rubuce cikin halitta guda, daga harafin farko zuwa na ƙarshe.

Girman wannan rubutu ya bambanta ƙwarai. Na fugu, wani kifin teku, wanda aka karanta a 2002, haruffa ne kusan miliyan 400, na ɗan Adam kuma kimanin biliyan 3. Amma gaiwa, wadda ke binne kanta cikin laka ta yi rani tana jiran damina, nata ya kai kusan biliyan 40, kamar yadda binciken 2021 ya nuna. Abu mai shafuka haka ya wuce a kira shi ƙwaya.

Saboda haka na fi karkata ga "kundi", domin Bahaushe ya san kundin malami, takardun da aka tattara wuri ɗaya aka ɗaure, ana buɗewa a duba. Da farko na so "kundin gado", sai wani malami ya ja hankalina cewa duk wanda ya ji "ilimin gado" rabon dukiyar mamaci zai fara tunawa, kuma gaskiyarsa.

Shawarata ita ce jinom ya zama "kundin halitta", fannin kuma "nazarin kundin halitta", a bar "ƙwayar gado" ga aya guda a cikinsa, wato ɗaya daga cikin abubuwan da ɗa yake gada daga iyaye. Da haka ɗalibar za ta iya cewa: "Baba, kundin halittar kifi nake karantawa, domin a gane wane iri ne ya fi jure cuta da ɗumin ruwa." Masana harshe da ke tare da mu, ko akwai inda "kundi" zai ci karo da wata ma'anar?