Bai karya doka ba, amma ya ɓata wasa: me za mu kira shi?

Jama'a, kalma nake nema. Turawa masu wasan yaƙi na kan tebur, waɗanda ke jera 'yan ƙananan sojojin dalma ko na roba su sake buga yaƙe-yaƙen Rumawa, suna da wani ɗan wasa da suke kira rules lawyer. Ya haddace littafin dokoki kaf, ba ya taka ko ɗaya, amma yana cin wasa da abin da babu sarkin yaƙin da ya taɓa yi a fagen fama.

Ku ɗauki DBA (De Bellis Antiquitatis), wasan yaƙi na kan tebur da Phil Barker da abokansa suka fitar a Ingila a 1990. Kowane ɓangare na da rukunin sojoji 12, wanda ya rasa 4 ya sha kaye. Doka ta ce rukunin da aka fi ƙarfi zai ɗan ja da baya, in kuwa ya ci karo da abokan gaba a bayansa, ya halaka. Manufar a fili take: an yi maka ƙawanya. Sai gwanin naka ya ɗauko ma'auni, ya lallaɓa da 'yan dawakai har kusurwar allon da suke kai ta ɗan leƙa bayan rukunin masu mashinka, ko faɗin farce ba ta kai ba. Shi ke nan, da sun ja da baya, rukuni guda ya tafi. Bugu na uku da ya fito a 2014 ya rage irin wannan.

Maguɗi bai dace ba, don mai maguɗi ɓoyewa yake yi, wannan kuwa shafin zai buɗe maka ya karanta da ƙarfi. Dabara kuma yabo ce, ta wanda ya yi kwanton ɓauna a bayan tudu. "Lauyan doka" fassara ce tsagwaronta, kuma wane lauya ne ba na doka ba?

"Kafar doka" ta yi daidai da ramin kansa, tunda muna cewa ya samu kafa. Matsalarta rubutun waya: wanda bai sa lanƙwasa ba, ba ka sanin kafa yake nufi ko ƙafa.

Ni dai hila na zaɓa. Tsohuwar kalma ce da muka aro daga Larabci, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin ta: mutum ya kyautar wa matarsa dukiyarsa dab da cikar shekara, daga baya ta mayar masa, zakka ta wuce shi. Harafi ya cika, manufa ta mutu. Malikawa ba su yarda da ita ba.

Don haka aikin hilar doka ne, mai yin sa ɗan hila. Gwada a baki: "Kada ka hau tebur da shi, ɗan hila ne." Malaman Hausa, in akwai wadda ta fi ta zama, bismillah.