Me wurin aikinku ya taɓa yi wa daji da namun cikinsa?

Mai tambaya, daga Birni, Damagaram:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ran 3 ga Agustan bara kamfaninmu ya kai mu dashen itace bayan gari, hanyar Mirya. An raba huluna, an ɗauki hoto, kowa ya dasa nasa. Da na bi ta wurin cikin bazara, da yatsun hannu ɗaya na ƙirga masu rai. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya taɓa ganin wurin aikinsa ya yi wa itatuwa ko namun daji abin da ya ɗore, ya ba mu labari. Abin da idonka ya gani nake so.

Direban hanyar Tasker:
Wa alaikumus salam. Shekara tara ina jan motar wani kamfani mai kai kaya yankin man fetur, ta Gure da Tasker har gabas da dutsen Tarmit. Lokacin da na fara, korar barewa da mota ba a ɗauke shi laifi ba. Ana bin ta cikin rairayi har ƙarfinta ya ƙare. Sau ɗaya aka yi a gabana. Ta faɗi, kumfa a bakinta, haƙarƙarinta na ɗagawa, idonta a buɗe tana kallonmu. Wallahi ban iya cin naman ba.

Da aka canza mana shugaba sai ya kafa doka: ba sauka daga hanya, ba bindiga, ba naman daji cikin mota, kuma ana bincike a ƙofa. Wanda aka kama, a bakin aikinsa. Da farko an yi ta gunaguni. Abin da ya juya mu shi ne ranar da ya gayyato wani jami'in gandun daji ya zauna da mu kan tabarma. Ya ce gandun Tarmit da Tin Tuma, wanda aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, shi ne mafakar ƙarshe ta addax, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho, kuma ƙidayar watan Maris na 2016 uku kacal ta gano. Uku fa! Ya ce mena ma, wata irin barewa wadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasar Nijar ta ci sunanta, saura kaɗan ce cikin duwatsun. Tun daga ranar kowane direba yake da ɗan littafi: me ya gani, a ina, guda nawa. Ƙarshen wata a miƙa wa ƴan gandun daji.

A 2019 gwamnati ta sake shata iyakar gandun, ta cire ɓangaren da ake aikin mai. Dabba kuwa ba ta san iyakar takarda ba, inda ta saba bi nan take bi. A wannan yankin sau da yawa ba wanda ke tsakaninta da mutuwa sai mai riƙe da sitiyari.

Maigadi a hanyar Tanut:
Malam direba, Allah ya saka maka da alheri. Kai kuma ɗana mai tambaya, dashe ba shi da wuya, ban ruwa ne aiki, kuma ka san halin ruwa a Damagaram. A ma'aikatarmu, inda ake alwala da wanke hannu aka yi wa ƴar kwata zuwa cikin rabin tano da aka binne. Duk yamma nakan kwashe da gwangwani in zagaya. Kowane ma'aikaci aka ba shi icce ɗaya da sunansa, shi zai yi masa shingen ƙaya saboda awaki. Na roƙi maigidan kada ya sayo mangwaro, ya kawo bagaruwa da aduwa da magarya, masu jure ƙishi, ya kuwa ji maganata. Yau kabare ya cika bagaruwar da sheƙa, akwai ma damo ƙarƙashin tulin duwatsu, na hana yara jifansa.

Mai girkin ma'aikata, Sabon Gari:
Baba maigadi ya yi gaskiya. Ni ta wajen murhu na ga nawa. Da can duk mako sai an sauke mana amalanken icce, wani ɗanye shar, ruwa na fita daga bakin saran. Tunda matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gaz ya samu a gari, amma kuɗin tukunyar farko ke hana mutane. Wurin aikinmu ya saya wa kowa, ana cirewa kaɗan-kaɗan cikin albashi. Tarin da nake fama da shi ma ya tafi.

Mai tuƙa katafila, ɗan Magarya:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda kamfani ne ke koya wa mutane kiwon itace ba. Ku je Magarya, Mirya da Matamai ku ga gawo cikin gonaki. Ba wanda ya dasa shi. Tun shekarun 1980 manoma suke sassaben zamani, suna barin tohon kututture suna gyara shi, har ana lissafin itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, akasari a Maraɗi da Damagaram. Babban taimakon kamfani shi ne kada ya tuge abin da ya tarar.

Muna aikin wata hanya, aka ce in share wajen ɗibar jar ƙasa. Wani dattijo ya zo ya tsaya gaban katafila, ya dafa gawonsa. Ya ce da damina yakan zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani kuma ƴaƴansa ke riƙe masa tumaki. Na kashe inji na kira injiniya. Ya duba, ya ce a karkata. Aikin ya ƙaru da yini guda, gawon nan shida suna tsaye har yau.

Ɗan Gure:
Mu tudun rairayi ke cinye mana kwaruruka, inda dabino da goriba da kanwa suke. Ana tare shi da shingen kalimbo, wani tsiron daji, sai dai ɗauko kalimbon daga nesa ne wahala. Wani kamfani ya ara mana babbar mota da direba ranakun hutu, aikin wata ya koma na mako. Wanda ya zo wajenmu ya leƙa Kelle, inda ake kiwon jimina don kada irin tamu ta ƙare.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba maigadi, gobe zan kai wa shugabanmu maganar tano. Amma sau nawa a mako kake ba ƙaramin icce ruwa cikin bazara?

Maigadi:
Shekarar farko kwana biyu-biyu, da yamma, gwangwani ɗaya ya isa. Ka yi masa ɗan gurbi a gindi, ka rufe da kara don kada rana ta shanye. Ka lura da gara, tana son karan. In ya ga damina biyu, ka bar shi ya nemi ruwansa da kansa.