Shawarar masu zanen katun a Legas game da ƙirƙirarriyar basira

A wata tattaunawa da matasan Hausawa masu zanen katun suka yi a Agege, akasarinsu sun yarda cewa ƙirƙirarriyar basira (AI) tana da sauri wajen yin zane, amma ba ta iya riƙe kamannin mutum daga fitowa zuwa fitowa. Aikin wuyan babbar riga yakan sauya, yatsu su ƙaru, leɓe kuma ya saɓa wa furucin Hausa, alhali fim yana cin hotuna 24 a kowace daƙiƙa, ido kuwa ba ya yafe irin wannan. Shawararsu, wadda nake goyon baya ƙwarai, ita ce a bar wa na'ura zanen wurare da gwajin launi, mai zane ya riƙe fuska da motsin jiki da hannunsa. Sun kuma gargaɗi masu koyo da kada su daina zane a takarda.