Abin da aka tattauna kan karfasa mai cinye tana ta bar ƙugiya

Jama'a maganar ta yi tsawo, ga dai abin da na tsinto, yawancin masu maganar a madatsun ruwan Tiga da Challawa na Kano suke fatsa.

1. Kusan kowa ya yarda ƙugiya ce matsalar farko. Bakin karfasa ƙarami ne, wadda kake kama tarwaɗa da ita ba za ta shiga ba, a sa ƙarama mai kaifi, in ka ja ta kan farce ta zame to ta dakushe.

2. A sa tana guntuwa, iya rufe ƙugiya, in ta yi jela ita za su yi ta tsakura har ta ƙare. Wasu sun fi son gara.

3. Ɗan karan da ake ɗaurawa a zare yana yawo saman ruwa don nuna kifi ya taɓa ya zama siriri, a ƙara darma a zaren har sai kansa kaɗai ya leƙo, don in ya yi girma kifi na jin nauyi ya tofar. Masu yanko ƙaton silifas a madadin kara ku ji.

4. Zare kar ya yi sako-sako tsakanin sanda da karan.

Inda aka rabu shi ne lokacin fizga, wasu sun ce da karan ya motsa ka ɗaga, wasu sun ce haba ai wasa karfasar take yi, bari ya nutse ko ya tafi gefe tukuna, ni dai na fi karkata nan. Amma duk sun ce da wuyan hannu ake ɗagawa ba da ƙarfi ba.

Zuba dusa a ruwa don tara kifi ma ba a daidaita ba, wasu sun ce ƙanana kawai take tarawa.