Wa ya taɓa zuwa Kerala neman magani? Gwiwar Hajiyarmu ce

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Gwiwar Hajiyarmu ta kai har sallah a kujera take yi. Likita ya ce sai an canza gwiwar, ita kuma ta rantse ba mai sa mata wuƙa. Ƙanena da ke karatu a Bangalore ya ce a gwada Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya, a jihar Kerala da ke can: kwana 21 ana tausa da mai mai ɗumi, a dawo gida da maganin wata shida da dokar abinci. Tana da ciwon suga. Waɗanda suka je, yaushe kuka fara ganin sauƙi? Kada mu sayar da fili a banza.

Ɗan Fagge: Allah ya ba ta lafiya. Kun gwada man habbatussauda?

Abu Sadiq: Ciwon baya ya kai ni. Da asuba za a miƙo maka man shanu narkakke ka shanye ciki ba komai, kullum ana ƙara yawansa, daga baya a ba ka abin wankin ciki. Makon farko jikina ƙara tsami ya yi, har na haɗa jaka. Likitan ya ce ciwon da ya shekara goma a jiki ba ya fita a kwana goma. Sai da na dawo, wajen wata na uku, na iya ruku'u ba nishi. Amma fa ba ruwan sanyi, ba soye-soye, ba barcin rana, ga wani dafaffen magani da suke kira kashayam, maɗaci ma ya sara masa. Rupi 3,000 nake biya a rana har abinci.

Hajiya Turai: Wannan haƙurin shi ya cinye mu. Babanmu ɓarin jikinsa ya shanye, aka ce kwana 28 zai taka. Suka cika aka ce a ƙara 14, jiki bai gama karɓa ba. Muka dawo da kwali guda na ƙwayoyi. Duk kiran da na yi, amsa ɗaya ce: ku yi haƙuri, a hankali yake aiki. Wata biyar muna haƙuri, ya daina gashin ƙashin da ake masa a nan, ƙafar ta sandare. Gidan gadonmu ya tafi. Kuma rupi 9,000 ne a rana, ban san inda Malam ya kwana ba.

Abu Sadiq: Hajiya, otal ɗin bakin teku aka kai ku, na Turawa. Asibiti daban.

Sista Rabi: Maman Hanif, ni jinya ce aikina. Tausa na iya rage zafi, amma guringuntsin da ya cinye ba mai da zai tsirar da shi. Ko kun je kada ta ajiye maganin suga. Ku tabbata likitan yana da BAMS, wato digirin likitancin Ayurveda, karatun shekara biyar da rabi ne. Ƙwayoyin kuma a bi a hankali: a 2004 an gwada irinsu da ake sayarwa a Boston ta Amurka, kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da dalma ko makuri ko asinik, duk guba ne. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010.

Abu Sadiq: Sista, kin taɓa zuwa? Waɗanda suka je aka tambaya.

Hajiya Turai: Ni na je ai, kuma ba ka saurare ni ba.

Malam Sani: A tambayi maganin shan da suke kira arishtam ma, tsima shi ake yi har ya yi barasa. Sai an sani kafin a sha.

Ɗan Fagge: A hana Bakano tsire da ƙailula wata shida? Gara a yanke ƙafar kawai 😂

Baban Ilham: Mu dala 4,000 wani dillali ya nema, ban da jirgi. Da muka isa muka gane kusan rabi kamashonsa ne. Tun daga filin jirgi suke tare ka da Hausa, ka ɗauka ɗan'uwa ka samu.

Hajiya Turai: Wallahi namu ma ɗan unguwarmu ne. Har yau yana gaishe ni a biki.

Maman Hanif: To ita mai sugar, man shanun nan ba zai yi mata illa ba?

Baban Ilham: Hajiya Turai, naku shi ma ya riƙe muku fasfo?