Neman kalmar Hausa: dabarar zaƙulo ƙananan girgizar ƙasa

1/ Jama'a, ina shirya wa ɗalibaina darasi a nan Bauchi, sai na yi tuntuɓe da abin da Turawa ke kira "template matching". Kwana biyu ina juya shi, Hausarsa ta ƙi zuwa. Ku taya ni.

2/ Ga yadda abin yake. Kowace girgizar ƙasa tana barin zane a na'urar sauraron motsin ƙasa, irin aikin da ake yi a cibiyarmu ta Toro. In tsagin dutse ya sake motsawa a wuri ɗaya, zanen kan fito da kamannin na farko, sai dai ya fi shi girma ko ƙanƙanta. To sai a ba kwamfuta zanen girgizar da aka sani, ta riƙa ɗora shi a kan bayanan shekara da shekaru, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Inda ya zauna daram, ta sa alama, ko da rugugin tirela ya binne shi.

3/ Da wannan dabarar masana a Kalifoniya suka sanar a 2019 cewa sun tono girgiza kusan miliyan 1.8 tsakanin 2008 da 2017, ninki goma na abin da ke rubuce a da.

4/ Wani malami ya ce "daidaita zubi". Ba laifi, amma kunnena ya ji kamar aikin buga bulo.

5/ Sai ga wani ɗan'uwa daga Dukku: "Malam, ai sawu ne. In saniyarmu ta ɓata, kofatonta muke dubawa a bakin rafi cikin sawun shanu ɗari." Wallahi nan na ajiye biro.

6/ An ce to a sa "bin sawu". Ban yarda ba. Mai bin sawu yana tafiya har ya cim ma dabba, ɗalibi zai zaci kwamfuta na hango girgizar gobe, alhali wadda ta wuce take nema. Na tsaya a kan "gwajin sawu".

7/ Abin da ya ƙara kwanta min: kalmar ta zo har da raunin dabarar. Makiyayin da bai san kofaton saniya ba, ba zai gane sawunta ba. Haka kwamfuta kan wuce girgizar da ba ta da samfurinta. Gobe da wannan kalmar zan shiga aji, sai in wani ya kawo wadda ta fi ta kafin asuba.